Abin Shaƙarki da Na Tarar a Ƙasan Kwalla

Da sunan Allah, mai rahama, mai jin ƙai.

Zuwa ga Ta Kaka, a gidan Gwaggo Hajo, Birnin Ƙonni.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kin sauka lafiya, gajiyar mota ta sake ki, ruwan birni kuma ya karɓe ki. Ki gaishe mini da Gwaggonki da maigidanta da yaran gidan baki ɗaya. Babanku yana gaishe ki, ƙannenki ma haka. Allah ya tsare ki a fitarki da shigarki, ya haɗa ki da mutanen kirki, ya sa karatun kolej da kika tafi nema ya zame miki alheri.

Ba labarin gida ya sa na ɗauki biro ba. Gida lafiya lau. Kin san rubutu ba sana'ata ba ce, ɗan abin da na samu a yaƙi da jahilci nake lallaɓawa da shi, don haka in kin ga layi ya karkace ki yi haƙuri ki bi shi a hankali. Magana ce da bakina ya kasa faɗa miki kina gabana, kuma ba zan iya ba wani ya rubuta mini ita ba.

Kwana biyu bayan tafiyarki na sauke kwallayena zan goge su. A cikin ta can ƙasa, babbar nan mai jan fure, na tarar da abin shaƙarki, maganin asmarki, a naɗe cikin tsohon ɗankwalina. Da a kan tabarma na gan shi, ko a bayan randa, sai in ce mantuwa ce irin ta mai haramar tafiya. To an naɗe shi tsaf, an ƙulle bakin, an mayar da kwalla huɗu a kansa. Mai mantuwa ba ta yin haka. Na zauna a bakin gado da shi a hannuna, na daɗe ban tashi ba. Ban ji haushinki ba ko kaɗan, domin wurin nan ba ke kika gano shi ba. Ni na koya miki shi.

Gwaggonki ta faɗa wa babanku a waya cewa kowace Alhamis da safe malaminku da kuke ce wa mushe yana fitar da ku, wai sipor, kuna zagaya filin lakwal, wato makarantarku, da gudu. Yau Litinin. Ga ɗari kuma yana tafe. Na san halinki. In aka ce a yi gudu za ki yi, in ƙirjinki ya ɗaure za ki zagaya bayan aji ki durƙusa ki yi shiru, ba wanda zai san kina can. Shi ya sa wannan takarda za ta bi motar gobe, ita da maganin. Kafin ki fara neman inda za ki ɓoye shi a gidan Gwaggo, ki karanta abin da na yi miki, ki ga ko ya kamata ki bi sawuna.

Kina da shekara tara abin ya fara. Lokacin sussuka ne kamar yanzu, muna bayan gari da turamenmu, ni da Tsahara maƙwabciyarmu da sauran mata. Kina son lugude ƙwarai. Babanku ya sassaƙa miki 'yar taɓarya daidai ke, kina jefa ta sama ki tafa ki cafe, har manya suna tsayawa kallo. Muddin ana dakan, ba abin da ke damunki. Sai an ajiye taɓare, an ce ki ɗauki tulu ki je rijiya, sannan tari ya taso miki, ki dafe ƙirji ki nemi wuri ki zauna. Kullum haka. Ni kuwa na yanke hukuncina: wasa kina iyawa, aike ne ba kya so.

Na ce miki a gaban mata, "Ke, tashi! Da ana lugude ba ki yi tari ba, sai da aka ce rijiya? Ƙiwa dai."

Tsahara ta ce, "Wanga tari akwai wayo, ya san lokacin aike."

Aka yi dariya, har da ni. Kika tashi kika ɗauki tulun. Ina hango ki kina tafiya kina tsayawa, kafaɗunki suna ɗagawa suna sauka, na ce a raina duk cikin shiri ne. Tun daga ranar ba ki ƙara yin tari a gabana ba in dai kina iya riƙe shi. Kika koyi zagayawa bayan rumbu. Ni kuma na ɗauka faɗana ne ya yi aiki.

Ɗiyata, ba ƙarya kike yi ba, ba ki taɓa yi ba. Haka ciwon yake, sau da yawa yakan bari sai mutum ya tsaya sannan ya kama shi. A lakwal ma za ki samu wanda zai ce miki abin da na ce. Wata za ta ce, "Ai yanzu na gan ta tana gudu lafiya lau." Kada ki miƙe don ki wanke kanki a idon kowa. Ki zauna ki shaƙi maganinki, mai magana ta yi ta gaji.

Da Kaka, Allah ya jiƙanta, ta kara kunne a bayanki ta ji ƙirjinki yana fito kamar kukan 'yar kyanwa, sai ta ce iska ce kika gamu da ita a hanyar rijiya. Ban yi musu ba. Ranar kasuwar Dogarawa na sa aka sayo mini sassaƙen hayaƙi. Na zuba garwashi a kasko, na zaunar da ke, na lulluɓa miki bargo. Kina ciki kina cewa, "Yaya, ba ni iya shaƙa. Yaya, ki buɗe." Ni kuma na danne bakin bargon da gwiwata, ina cewa ki daure, iskar ce ke kuka ba ke ba. Da na buɗe, idanunki sun yi ja, numfashinki ya fi na da wuya. Muka ce magani ne ke aiki. Sau uku na yi miki haka. Kaka ba ta san wani abu da ya wuce nan ba, kuma son ki ne ya sa ta faɗa. Amma gwiwar tawa ce, kuma muryarki ni ta kira.

Don haka ki ji da kyau. Hayaƙi ko wane iri ne, abokin gabarki ne: na ɗanyen itace, na turaren wuta, na shara da robar da ake ƙonawa a birni. Gwaggonki mai son turaren wuta ce, in ta saka ki fita tsakar gida. Ba raini ba ne, kuma in kin gaya mata dalili za ta gane, ita ma uwa ce. Ki ce ta ba ki wanki, ko wanke-wanke, ko tsintar shinkafa, ta ɗauke miki hura wuta da sheƙar hatsi, domin ƙaiƙayi ma yana tayar miki da shi. Kada ki zama baƙuwar da ba ta aiki, kada kuma ki karɓi aikin da zai kwantar da ke don jin nauyi. In ciwon ya taso wani ya ce a kwantar da ke, ko a lulluɓe ki, ko a yi miki hayaƙi, ki girgiza kai ko da ba ki iya magana. A zaune za ki tsaya, bayanki a miƙe, inda iska ke shiga. Addu'a kuwa a yi miki ta ko nawa ce, ba ta hana shaƙa magani.

Yanzu ga wadda ta fi mini nauyi.

Ke ce 'yar farina. Kin san yadda muke a nan. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, in ya faɗi ba ta rugawa. Tun kina jaririya in zan ba ki nono sai na juya baya. Da aka yaye ki Kaka ta ɗauke ki, shi ya sa kowa ke ce miki Ta Kaka, ke kuma kika tashi kina ce mini Yaya kamar ba ni na haife ki ba. An yaba mini a kan haka. Ana cewa wance akwai kunya. Ina jin daɗin yabon, ba zan ɓoye miki ba.

Kin tuna safiyar da awaki suka faɗa wa harawar babanku a gonar bayan gari, shekara biyu ke nan. Ɗari ne sosai, har ana hura wuta a tsakar gida. Ba wanda ya aike ki. Kika gani kika zura da gudu ba ko mayafi, kika koro su har gida. Kika ɗaure su ɗaya bayan ɗaya, kina dariya. Sai da kika gama, kika zo ƙofar gida inda muke daka, sannan kika durƙusa. Wannan karon ba tari. Bakinki a buɗe, wuyanki yana lotsawa, leɓenki ya yi fari-fari kamar toka. Kika ɗago kika dube ni.

Taɓarya tana hannuna. Mata shida suna tsaye, har da ƙanwar babanku. Zuciyata ta riga ta iso wurinki, ƙafata kuwa ba ta motsa ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Ku kira Kaka."

Tsahara ce ta jefar da taɓaryarta. Ta ce, "Wace Kaka? Ɗiya na mutuwa kina kiran tsohuwa mai sanda? Kai, ku kawo amalanke!"

Ita ta sungume ki, ita ta riƙe ki a zaune a jikinta a kan amalanken jaki har likita, wato asibiti. Ni ina daga baya can, na ja mayafi na rufe fuska. Duk ramin da amalanken ya faɗa sai in ji numfashinki ya tsaya, in ƙirga a raina har ya dawo. Hannuna yana kusa da ƙafarki, ban taɓa ta ba.

Majo, babban ma'aikacin likitar, bai tsaya tambaya ba. Ya zaunar da ke ya yi ta ba ki magani kina shaƙa, har launin bakinki ya dawo. Sai da kika samu kanki ya juyo ya ce, "Wace ce uwar yarinya?"

Na ƙara laɓewa bayan ƙofa. Ya dubi Tsahara.

Ta ce, "Ni? Ni dai jakar gidan ce, ɗauka nika yi. Ga uwar can bayan ƙofa, kunya na cin ta."

Bai yi dariya ba. Ya ce in matso in zauna. Ya ɗauko wani siririn bututun roba ya nuna mana. Ya ce a cikin ƙirjin kowa akwai hanyoyin iska irin wannan, ƙanana ƙanana, sun rarrabu kamar saiwar itace. In mutum yana zaune, ta hanci yake shaƙa, hanci kuwa yana ɗumama iskar ya jiƙa ta kafin ta sauka. In ya zura da gudu, ko ya yi daka mai ƙarfi, sai ya buɗe baki, iska ta riƙa shiga da yawa da sauri, da sanyinta da bushewarta, ta busar da hanyoyin. Ya ce yawancin mutane hanyoyinsu ba su damuwa da haka. Amma akwai masu hanyoyi masu saurin fushi. Da sun ji bushewar sai su kumbura, su tsuke, su tara majina. Ya matse bututun da yatsa biyu ya hura, ya yi fito irin naki sak. Ya ce wannan ita ce asma. Ba iska ba ce, ba sammu ba ce, kuma ba a ɗaukar ta daga wani.

Sannan ya ce, "Kuma tsukewar ta fi tsanani bayan an tsaya da 'yan mintoci. Shi ya sa iyaye da yawa ke cewa yaro ƙarya yake yi."

Tsahara ta dube ni, na dube ta.

Ya tambaye ni ko akwai mai irin wannan a danginmu, domin takan bi jini. Na ce babu. Ƙarya na yi. Mahaifina, kakanki da ba ki sani ba, in aka je gayya ya kai ƙarshen kunyar noma ɗaya da sauri, sai ya jingina da gawo ƙirjinsa yana fito, abokansa suna tsokanarsa wai ya haɗiye sarewa. A gidanmu ba a maganar. Na ji tsoron kada dangin babanku su ce ni na kawo musu ciwo. Ki sani yau: ta wajena kika samo ta, ba laifinki ba ne, ba kuma laifin kowa ba. Duk ranar da wani likita ya tambaye ki, ki faɗa masa gaskiya duka, har da ta kakanki. Mai magani da abin da aka gaya masa yake aiki.

Kunya kuwa, ban ce ki yar da ita ba. Ki gaida manya a durƙushe, ki sassauta murya, ki san abin da ake faɗa da wanda ba a faɗa. Amma kunyar da za ta tsayar da mutum da taɓarya a hannu ɗiyarsa tana neman numfashi, ba ta da wani amfani, ni na gwada ta. Irin ta ce kika ɗauka kika tafi da ita Ƙonni, kika bar maganin.

Za ki ce bayan wannan ai na yi hankali. Ban yi ba. Majo ya ba mu abin shaƙa, ya ce kullum ya kasance a jikinki. Ni kuwa muna isowa gida na naɗe shi a ɗankwali na sa a ƙasan kwalla. Kin san dalili, ko da ban taɓa faɗa ba. Fura nake sayarwa. A garin nan in an ji tari da magani, ba wanda zai tsaya bambanta asma da tarin fuka. Na ga kamar in aka gan ki kina shaƙa abu a baki, gobe ba mai aiko da ƙwarya gidanmu. Sai na ce miki, "In za ki yi, ki shiga ɗaki ki saki labule." Ranar da ya taso miki a rijiya, sai da kika tako har gida, kika sauke kwalla huɗu, sannan kika samu numfashi. Ina tsakar gida ina dama fura, ina jin ƙarar kwallayen.

Na kuma hana ki duk abin da kike so. Ba lugude, ba gaɗa, ba langa, ba tsere da 'yan uwanki. Kina zaune a bakin zaure kina kallon sa'o'inki. Da muka koma wurin majo ya ji haka, ya riƙe baki.

Ya ce, "Hajiya, ni na ce a ɗaure ta kamar akuya? Maganin nan don ta yi gudu na ba ta, ba don ta zauna ba. Akwai masu asma da ke kokawa, akwai masu ƙwallo. Ƙirjin da ba ya aiki rauni yake ƙarawa."

Na ce to. Muka dawo, na mayar da shi cikin kwalla.

Saboda haka ban rubuto don in ce ki guje wa sipor ba. Ki yi gudunki. Na ga yadda kike gudu, ko ranar awakin nan, kafin abin ya faru, na tsaya da daka ina kallonki ina jin daɗi a ɓoye. Sai dai ki yi shi yadda majo ya koya miki. Ranar Alhamis, kamar minti goma sha biyar kafin ku fita fili, ki girgiza maganin, ki fitar da numfashi, ki sa a baki ki danna kina ja a hankali, ki riƙe har ki ƙirga goma. Kada ki zura da gudu daga tsaye. Ki fara da tafiya, ki ɗan sassarfa, jiki ya yi ɗumi tukuna. In an gama ma kada ki zube nan take, ki taka a hankali har numfashi ya daidaita. In safiyar da sanyi, ki ja gefen hijabinki ki rufe hanci da baki, iskar ta ɗumama kafin ta shiga. Ranar da kike mura ki gaya wa mushe, domin mura tana sa hanyoyin su fi saurin fushi.

In kuma ya taso, kin shaƙa bai sake ki ba, ko kin kasa haɗa magana, ko bakinki ya canza launi, ba zancen jira ba ne, ba zancen a kira Gwaggo daga kasuwa ba ne. A ɗora ki a kabu-kabu, babur ɗin haya, sai likita, kina ci gaba da shaƙa a hanya yadda aka nuna miki. In kin ga kina yawan bukatarsa, ko tari yana hana ki barci, ki sa Gwaggo ta kai ki a duba ki, majo ya ce akwai wani maganin da ake ƙarawa. Kada kuma ki jira sai ya ƙare ƙaf sannan ki yi magana.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in ba wanda ya sani. Ranar awaki, da Tsahara ba ta wurin, ban san abin da zan rubuta yau ba. A Ƙonni ba ki da Tsahara sai wadda kika yi wa kanki. Mutum uku nake so ki gaya wa kafin Alhamis: Gwaggonki, da mushen sipor, da yarinya ɗaya a ajinku wadda kika ga tana da hankali. Ki nuna mata inda maganin yake da yadda ake buɗe shi. Na san zuwa gaban mushe zai yi miki wuya, ke da ko sallama sai an ce ki ƙara murya. Ba dogon bayani ba ne. Ki ce, "Mushe, ina da asma, gudu yana tayar mini da ita, ga maganina." In bakinki ya ƙi, na sa takardar majo a cikin wannan, da farasanci ya rubuta ta, ki miƙa masa hannu biyu. Amma na fi son ki faɗa da bakinki.

Za ki ce a ranki, Yaya tana aike na abin da ita ba ta iya ba. Ni ma na faɗa wa kaina haka. Shi ya sa jiya na ɗauki maganin a tafin hannuna, ba ɗankwali, na tafi da shi wurin sussuka. Mata sun kai goma, yawancinsu masu sayen furata. Na tsaya kusa da turmin Tsahara. Na ce, "Ku dakata ku ji. Wannan maganin asma ne. Ɗiyata ke da ita, gudu da daka ke tayar mata. Ba tarin fuka ba ne, ba a ɗauka. Shekara biyu ina ɓoye shi."

Sai Tsahara ta dafa taɓarya ta kwashe da dariya har da hawaye.

Ta ce, "Ke kaɗai ke ɓoyo, baiwar Allah! Ni da na ɗauke ta bisa amalanke, kina zaton bakina ɗinke shi aka yi? Garin ga duka an sani tun ranar. Mun dai bar ki da kwallayenki."

Wata tsohuwa ta ce, "Furarki ai ba mu daina sha ba. Tsamin da take yi wani lokaci ne ya kamata ki ɓoye."

Kin ji fa. Shekara biyu ina sa ki sakin labule don mutanen da suka riga suka sani. Na rasa dariya zan yi ko kuka, sai na yi duka biyun.

Tsahara ba ta ƙyale ni ba. Ta ce, "To tsaya. Kin ce ɗiyarki. Ɗiya mata uku gare ki. Wace daga ciki?"

Na ce, "Kin san ta."

Ta ce, "Ban sani ba. Ni baƙuwa ce, yau na zo garin."

Na ce, "Ta Kaka."

Ta ce, "Kaka ta rasu, Allah ya jiƙanta. Yanzu ta wa ce? Mi ne sunanta?"

Mata duk sun ajiye aiki suna kallona. Shekara goma sha huɗu sunan nan yana bakina ban fitar da shi ba, tun ranar da liman ya raɗa miki shi. Sai na tuna idonki a ƙofar gida.

Na ce, "Balkisa. Tawa ce."

Tsahara ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya. Tsohuwar nan ta ce zamani ya lalace, tana faɗa tana murmushi. Ba abin da ya same ni. Na ɗauki taɓaryata muka ci gaba da sussuka.

Na ɗinka wa maganin 'yar jaka da ragowar atamfar sallarki, mai igiya, ki rataya a wuya. Da gangan na zaɓi mai launi, don in ana nema a gan ta da wuri. Tsahara ta ce a gaya miki in kin dawo hutu akwai lugude, ta ajiye miki taɓarya babba, kuma wai wannan karon ita za ta je rijiyar.

Na roƙe ki gafarar tulun, da bargon, da taɓaryar da ban jefar ba, da labulen. Ba sai kin ba ni amsa a kan wannan ba. Amsar da nake jira ɗaya ce: ranar Juma'a babanku zai kira Gwaggo, ki karɓi wayar ki ce mini kin faɗa wa mushe, kuma kin yi gudu.

Allah ya buɗe miki ƙirjinki, ya buɗe miki bakinki a inda ya kamata. Ya tsare ki a hanyar lakwal da filin gudu da ɗakin kwananki, ya sa ki a hannun masu tausayi, ya dawo mini da ke lafiya. Amin.

Balkisa, ni na faɗi tawa a gaban mata goma. Saura taki, gaban mutum ɗaya.

Wassalam. Ni ce mahaifiyarki, wadda kike ce wa Yaya.